Hayaƙin Rami da Hayaƙin Ɗaki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni ɗa, ya kuma karɓi abinsa a ƙasar da ban taɓa zaton zan taka ba.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Surukata Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara, ko inda maganar ta taɓa ta, ko inda ta taɓa ni. Sunana Mariyama, 'yar Damagaram ce ni. Wanda na yi jinya ɗana ne na fari, saboda haka ba na kama sunansa, Baban Nana nake ce masa. Ba don a ji tausayina nake ba da labarin nan ba. Don wata uwa ce, wadda ke da kasko a ɗaki da taurin kai irin nawa.

Wankan jego ne ya kawo ni Greensboro, can ƙasar Nasara, lokacin da Hadiza ta haifi Nana. Wata uku aka ce, sai ga shi na shekara uku. Muna zaune a apatmen a bene na biyu, bayan manyan kantunan titin Wendover, inda motoci ba sa hutawa. Shi da farko ɗaukar kwalaye yake a wani sito, bayansa na ciwo, albashin ba ya kai ƙarshen wata. Alhali mai sana'a ne, shekara tara ya yi yana gyaran wutar lantarki a ramukan haƙar ma'adinai na Arlit. Sai wani ya yi masa hanya a wani ramin kwal, wato gawayin ƙasa, can cikin duwatsu, tafiyar awa huɗu a mota. Yakan zo gida duk sati biyu.

Na ce masa, “Mutum da ransa kullum yana shiga ƙasa, me ya bar wa ranar da za a sa shi?”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, ramin nan ba irin wanda kika sani ba ne. Har jirgi ke yawo a ciki.”

Wata Talata ce da hantsi, cikin tsakiyar sanyi, waya ta yi ƙara. Na ga Hadiza ta zauna a ƙasa da wayar a kunne. Ramin ya fashe, wuta ta tashi a ciki, masu aikin safe duk suna ƙasa. Alhaji Sani, mutumin Maraɗi mai sayar da tsofaffin motoci, shi ne dattijonmu a garin nan, shi ya kwashe mu. Nana muka bar ta wurin maƙwabta.

A wani coci aka tara iyalai. Na ƙi shiga, na tsaya a bakin ƙofa sanyi na cin ƙashina. Wata mata fara, doguwa, gashinta ya fara furfura, ta fito ta yafa mini bargo. Da ta ga ina neman wurin salla, ta buɗe mini wani ƙaramin ɗaki. Na duba bango huɗu, babu hoto, sannan na tayar. Sunanta Misis Dona. Ashe mijinta ma yana ƙasa, tana jira kamar yadda nake jira, amma tana raba wa mutane shayi. Kafin la'asar aka fito da Baban Nana da ransa, domin yana kusa da baki yana gyaran waya lokacin da abin ya faru. Na nesa ba su fito da rai ba. Mijin Misis Dona yana cikinsu. Ban ƙirga su ba, amma na ji kukan matansu, kukan duk ɗaya ne da namu.

Satin farko a asibitin can muka yi shi. Ba ya cikin hayyacinsa, an sa masa roba a baki, hannunsa na hagu ya ƙone. Likitar mace ce. Ta faɗi wata kalma da ta liƙe mini har yau, kabon monoksaid. Alhaji Sani ya fassara: guba ce da wuta ke haifarwa in ta ci a wurin da babu mafita, ba ta da wari, ba ta da launi, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi. Hadiza, rubuta wannan da kyau: an faɗa mini. Da kunnena na ji. Na ɗauka maganar rami ce kawai.

Sau uku suka sa shi cikin wani tulun ƙarfe mai kama da tankin mota, suka ce zai wanke jinin. A rana ta uku likitar ta ce uwarsa ta kira sunansa da ƙarfi, ko zai motsa. Na matsa na ce, “Kai.” Alhaji Sani ya ce, “Hajiya, yau ba ranar kunya ba ce.” Na kira sunansa. Shekara talatin da bakwai ban taɓa ba. Bai motsa ba a lokacin, amma washegari ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Gaskiya ɗaya ce, mutanen garin can sun yi mana. Matan ma'aikatan rami sun kafa ƙungiyar taimako, mutane daga ko'ina suna aiko musu da kaya da kuɗi. Su suka biya mana ɗakin kwana na kwana takwas, su suka zuba wa Alhaji mai a mota. Amma suna da yawan tambaya da yawan runguma. Mace ba ta san ka ba ta zo ta ƙanƙame ka tana kuka a wuyanka. Ga masu ɗaukar hoto suna bin mutum har bakin bayi. Abincinsu kuwa ban taɓa ba, burodi da shayi na rayu a kai.

Sati na biyu aka sallame shi. Da ƙafarsa ya hau benenmu. 'Yan Nijar da 'yan Najeriya suka cika gida, aka yanka rago a gonar wani a McLeansville aka yi sadaka. Yana gaisawa da kowa da sunansa, har yana tsokanar Alhaji Sani cewa motar da ya sayar masa ta fi ramin haɗari. Ciwon kai kawai yake kuka da shi, da saurin gajiya. An ba mu takardu masu yawa da Turanci. Hadiza ta koma aikinta na jera kaya a kanti, domin satin da ta yi a can ba a biya ta ba. Takardun ni na kwashe su na sa ƙarƙashin katifa don kada Nana ta yaga. A cikinsu akwai wadda ta ce in ya fara mantuwa ko ruɗewa bayan ya warke, gubar ce ta dawo ta kai, a hanzarta da shi. Sai daga baya aka karanta mini ita.

Sati na uku sai ga kwali daga ƙungiyar matan. Na buɗe: gwangwanaye, man gyaɗa, bargo, kayan yara, sai wani dunƙulen nama a tsakiya cikin leda. Hadiza ta karanta ta ce, “Inna, alade ne.” Na sa aka fitar da kwalin duka, har bargon.

Ta ce, “Ba su sani ba ne, Inna. Gwangwanayen ai a rufe suke.”

Na ce, “Wanda bai san abin da kake ci ba, ya san abin da ke damunka?”

Bayan kwana huɗu Misis Dona da kanta ta zo, ita kaɗai ta tuƙo awa huɗu, ko sati biyu ba a yi da binne mijinta ba. Wani ya gaya mata zancen naman. Ta kawo shinkafa, da mai, da kaji daga shagon Musulmi, har da takardar shagon don in gani. Na karɓa, ban saki fuska ba. Ta zauna ta ce ƙungiyar ta ɗauki wata nas da ta san ciwon 'yan rami, tana zagaya waɗanda suka tsira duk sati, kyauta, sai dai a sa hannu a takarda. Alhaji Sani ya riga ya gargaɗe mu kada mu sa hannu a komai sai lauya ya gani, kada kamfani ya zame da haƙƙinmu. Shi takardar kamfani yake nufi. Ni na haɗa duka na yi musu kuɗin goro.

Na ce wa Hadiza, “Gaya mata mun gode. Ya warke. Yana da uwa, yana da mata.”

Baban Nana ya ce, “Inna, ai ba laifi ta zo ta duba.”

Na ce, “Wata ƙatuwa ta zo tana tattaɓa ka a gaban matarka? Ni na yi jinyar ubanka shekara biyu, ba nas ko ɗaya.”

Ya bar maganar. Bai taɓa musu da ni ba tun yana yaro, kuma da ina alfahari da hakan. Misis Dona ta bar lambarta a jikin firij ta tafi.

Sati na huɗu abin ya fara. Ni na fara gani, domin ni ke wuni da shi. Ya tashi alwala, ya wanke hannu, sai ya tsaya yana kallon buta. Na ce, “Baki.” Ya kurkure. Na ce, “Hanci.” Haka na yi ta faɗa masa kamar ɗan shekara biyar. Washegari ya yi azahar raka'a bakwai. Ya sa takalminsa cikin firij. Tafiyarsa ta koma gajeru-gajeru kamar an ɗaure masa ƙafa. Nana ta hau cinyarsa tana yi masa Turancinta, ya dube ta ya ce, “'Yar wa ce wannan?” Ran nan Hadiza ta shiga bayi ta buɗe famfo don kada in ji kukanta. Na ji.

Ita ta matsa aka kai shi asibitin gaggawa a nan garin. Awa bakwai muna zaune a kujerun roba, tsakanin mai karaya da mashayi da ke amai a bokiti. Fakin mota kaɗai ya ci kuɗin cefanen kwana biyu. Da aka kira mu, wani likita matashi ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ya tambaye shi garin da yake, ya faɗa. Ciwon kamar ya san likita, ya ɓuya. Aka ɗauki hoton kansa aka ce ba jini, ba ƙari. Aka ce wataƙila firgita ce, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, amma layi sai bayan sati uku. Wannan ƙorafi ina da shi har gobe. Da sun riƙe shi ran nan, da ba a bar shi a hannuna ba. Ban faɗi haka don in sauke kayana a kansu ba, amma nasu ma a rubuta.

A mota na ce wa Hadiza, “To, kin gani. Injinsu bai ga komai ba. Abin da inji bai gani ba, kin san ko mene ne.”

Sati na biyar na sayi katin waya na kira yayana a Damagaram. Ya ce, “Mariyama, ƙarƙashin ƙasa gidan wasu ne. An fasa musu gida da wuta, shi kuma ya fito da rai, kina tsammani za su bar shi haka?” Hajiya Kande, wata Bakanuwa da ke zaune a McLeansville, mai sayar da turare da kayan mata, ta zo dubiya ta faɗi irin wannan. Ta ce ɗan ƙanwarta ya yi haka bayan ya faɗa rijiya, hayaƙi ne ya tashe shi. Ta kawo mini ƙulli: ɓawon hano, habbatus sauda, tazargade, da wasu saiwoyi. Ta ce kwana uku, a lulluɓe shi, kada hayaƙin ya fita. Ba ta karɓi ko sisi ba, don Allah ta yi. Ina faɗin wannan don kada a zage ta.

Kasko ina da shi, tun daga gida na zo da shi. Gawayi kuwa Alhaji Sani na sa ya sayo mini, irin na gasa nama da ake sayarwa a buhun takarda. Na ce masa tsire nake sha'awa.

Hadiza ta ga buhun ta gane. Ta ce, “Inna, don Allah kada a kunna wannan a ɗaki. A nan ba a yi. Gidajen nan ba su da kafa, ba kamar namu ba ne.”

Na ce, “Da wannan hayaƙin na yi miki jego. Kin mutu?”

“Wancan turare ne ɗan kaɗan, Inna, kuma taga a buɗe. Shi hayaƙi ne ya kwantar da shi.”

“Hayaƙin Nasara ya kwantar da shi, na gida zai tashe shi. Ke kika haife shi?”

Ta sunkuyar da kai. A gidanmu suruka ba ta wuce nan. Amma ba ta haƙura ba, ta ɗauki lambar da ke jikin firij ta kira Misis Dona a ɓoye daga wurin aiki. Ranar Talata ta gaya mini cewa matar za ta zo ranar Alhamis da azahar, da nas ɗin. Na ce a raina, kafin su zo na gama.

Akwai wani farin abu a rufin ɗaki mai ihu in ya ji hayaƙi. Tuntuni na san halinsa, ko albasa ta ƙone sai ya tara mana jama'a. Na hau kujera na cire masa batir. Ina jira Hadiza ta fita ta kai Nana makaranta ta wuce aiki, sai in hura gawayin a baranda, in shigo da shi ɗakinsa, in rufe taga, in toshe ƙasan ƙofa da tawul. Na zaunar da shi a ƙasa, kaskon a gabansa, na lulluɓe shi da bargo.

Ranar farko ya yi tari ya ce, “Inna, kaina.” Na ce, “Su ne suke jin zafi, daure.” Bayan na buɗe shi ya yi barci har la'asar. Na ce alhamdu lillahi, ya samu natsuwa. Rana ta biyu ya yi amai. Na kira Hajiya Kande, ta ce fita suke yi. Ni ma kaina na sarawa, na ce ai dole, wanda ya shiga tsakani sai ya sha bugu. Da yamma nakan buɗe tagogi in share toka, Hadiza ta dawo ta shinshina ta dube ni, ni ma in dube ta.

Ranar Alhamis, ta uku, na ƙara gawayi don a gama da ƙarfi. Da na ɗauko bargon, ya riƙe bakin zanena. Ya riƙe kawai yana kallona. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na rufe shi. Na zauna a gefe ina jan carbi. Na tuna ƙafafuna sun yi nauyi, na tuna na ce bari in ɗan jingina da gado. Ban tuna komai ba bayan wannan.

Sauran Hadiza ce ta ji daga bakinsu. Misis Dona da nas ɗin sun iso kafin lokacin da suka faɗa, domin hanya ba cunkoso. Suka ƙwanƙwasa, shiru. Matar da ta shekara talatin tana auren ɗan rami ta san warin gawayi. Ta ruga ofishin masu gidan aka zo da mabuɗi, nas ta kira 'yan kashe gobara. Su biyu suka ja mu zuwa baranda, ita ta ja ni, nas ta ja shi. Matar da na zubar wa kwali ita ta ja ni a ƙasa kamar buhu, har ɗankwalina ya faɗi.

Ni na farfaɗo a motar asibiti da roba a hanci. Kwana biyu aka sallame ni. Ni a gefen kaskon nake. Shi yana ƙarƙashin bargo.

Sati na shida da na bakwai yana ɗakin masu tsanani. An sake sa shi a tulun ƙarfe, wannan karon bai nemi ruwa ba. Idonsa yakan buɗe amma ba ya bin kowa. Aka huda masa wuya don numfashi, aka huda ciki don abinci. 'Yan sanda sun zo sun yi tambaya, wata ma'aikaciya ta zo ta duba ko Nana na cikin haɗari a gidan. Alhaji Sani ya yi ta bayani har suka gane ba mugunta ba ce. Ni da sun tafi da ni da ya fi mini sauƙi. Masu gidan suka ba mu takardar gargaɗi. Hadiza ta bar aiki. Ƙungiyar matan ce ta biya hayar watan, Misis Dona kuma duk Asabar tana hanya. Ba ta taɓa tambayata don me ba. Takan zauna a kujerar da ke kusa da tawa, ta kawo zare tana saƙa, ni ina carbi. Ta daina runguma ta, ta gane ba na so. Nas ɗin kuwa, wadda na kira ƙatuwa, ita ta koya mini yadda ake juya shi duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake jiƙa masa leɓe da auduga.

'Yan dubiya kowa da tasa. Wani ya ce a mayar da shi gida Nijar. Wani ya ce a kai ƙarar asibitin da ya sallame mu. Hajiya Kande ta zo tana kuka, ta ja ni gefe ta ce, “Hajiya, a bar maganar nan a tsakaninmu. A ce ciwon rami ne ya dawo.” Na ce mata, “Hajiya Kande, motar kashe gobara biyu ta tsaya a ƙofarmu. Wa za mu ɓoye wa, Allah ko maƙwabta?”

Sati na takwas zazzaɓi ya shiga, huhunsa ya cika da ruwa. Suka yi ta canza magani. Babban likitan ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai sanƙo, wanda aka ce mu jira sati uku kafin mu gan shi, yanzu kullum yana zuwa da kansa. Wata safiya ya tara mu a wani ɗaki, ni da Hadiza da Alhaji Sani, ya ce ba su da sauran dabara.

Na ce wa Alhaji, “Tambaye shi. In da ban yi abin da na yi ba, da yaya?”

Alhaji ya ce, “Hajiya, wannan ba tambaya ba ce.”

“Tambaye shi.”

Ya tambaya. Likitan ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo, yana kallona. Alhaji ya juyo ya ce, “Ya ce komai nufin Allah ne.”

Na ce, “Alhaji, ban iya Turanci ba, amma na iya tsawon magana. Bakinsa ya fi haka tafiya. Kuma ban ji ya ambaci Allah ba. Hadiza, ke faɗa mini.”

Ta ce, “Inna, ki bari.”

“Ran nan kin faɗa mini gaskiya na take ki. Yau na ce ki faɗa.”

Ta faɗa, idonta a ƙasa. Ya ce ba zai iya raba ɓarnar hayaƙin rami da ta hayaƙin ɗaki ba, domin guba ɗaya ce. Ya ce amma irin ruɗewar da ta same shi bayan ya warke sananniya ce a wurinsu, kuma da yawa daga masu ita suna dawowa a hankali, cikin watanni, in an kula da su. Ya ce ba zai rantse ba, amma da yana da hanya.

Na ce a gaya masa na gode. Shi kaɗai ne a cikin satin nan takwas bai lallashe ni ba.

Baban Nana ya cika ranar Litinin da walaha, a sati na tara. Ina riƙe da ƙafarsa, Hadiza na yi masa kalmar shahada. Jama'a sun yi masa sutura yadda ya kamata, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gana, har Larabawan masallaci. Allah ya saka musu. Matan ƙungiyar sun zo su biyar cikin mota ɗaya, kowacce ta ɗaura ɗankwali yadda ta iya, suka zauna da mu a gida. Sun sa shi cikin mamatansu, duk abin da aka raba wa matan da suka rasa mazaje an ba Hadiza, kuma sun san abin da ya faru a ɗakin. Da ni ce a matsayinsu, ban san ko zan yi haka ba.

Ga abin da nake so a ɗauka. Wanda ya sha hayaƙi ya tashi, kada a ce ya warke, a sa masa ido wata guda ko fiye. In ya fara mantuwa, a koma asibiti, in sun kore ku ku sake komawa, ku ambaci hayaƙin da bakinku. Takardar da aka ba ku, a nemi mai karatu ya karanta a ranar. Wanda ya zo taimako ya yi kuskure, a gyara masa, kada a rufe masa ƙofa. Gawayi kuwa, ko na tsire ne ko na magani, kada ya shiga ɗakin ƙasar nan. A gida muna yi a tsakar gida, ko a ɗaki mai zana da kafar taga, shi ya sa muke tsira. Kuma in ƙaramar cikin gida ta ce a'a, a tsaya a ji dalilinta.

Masu ta'aziyya sun yi ta ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Kwanansa ya ƙare. Amma ni na hura gawayin, kuma ya riƙe mini zane.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu a ramin ta hanyar da Shi ya sani. Wanda ya karanta, in zai yi addu'a, ya fara da shi. In ta ragu, ya sa ni.